Surukina Mai Kiɗan Tartsatsi

Ranar da aka kai surukina makwancinsa, ina zaune a tsakar gida cikin mata, na ja mayafi na rufe rabin fuska, ina sauraron yadda kowa ke ba da nasa labarin mutumin. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Wannan kam kowa ya faɗa. Abin da ke biyo baya ne ya sha bamban.

Wata tsohuwa daga Jigwada, wadda rabonta da gidanmu tun rasuwar surukata, ta karkata wajen ta kusa da ita, ta yi abin da a ganinta raɗa ce. "Allah dai Ya yafe masa. An ce aradu yake kira cikin ɗaki." Ɗayar ta ce, "Ke dai bari, 'yar'uwa. Ni da kunnena na ji, kamar rina ta faɗa tulu." Gidan makoki ne, ni kuma matar ɗa ce, ba ni da bakin magana.

Daga zaure ana jiyo liman yana cewa tunda marigayi ya dawo garin nan bai taɓa waiwayawa ya rasa shi a sahun farko ba. Maƙwabcinmu kuwa, wanda ya sha yin sallama da fushi don hoton talabijin ɗinsa na rawa duk lokacin da Baba ya kunna na'urarsa, shi ya fi kowa kuka. An ce da ya samu bakin magana cewa ya yi, "To yanzu wa zai riƙa ɓata mini labaru?" Aka rasa masu dariya, aka rasa masu ba shi haƙuri.

Wajen la'asar wata Bafulatana mai nono ta shigo, ba ta ma san an yi rasuwa ba. Tocilarta ta zo karɓa, wadda ta bari ya gyara mata. Shekaru yana yi wa mutanen rugarsu cajin waya da gyaran tocila, ladansa kindirmo ludayi biyu. Da aka faɗa mata, ta sauke ƙwaryarta a hankali, ta zauna daɓas a ƙasa, ta ce, "Wayyo, mai wuta ya tafi."

Duk wanda ya shigo sai ya yi wa 'ya'yansa gaisuwa, ya yi wa ƙanwarsa. Ni kuwa sai a ce, "Sannu da hidima," a miƙo mini kwano in wanke. Babu wanda ya ce mini ya haƙuri. Ban ga laifinsu ba. Wa zai yi zaton akwai abin da ya haɗa matar ɗa da uban miji bayan gaisuwar safe? Ban taɓa haɗa ido da shi ba, ban taɓa kama sunansa ba, kuma ba a takarda zan fara ba. Amma wallahi duk cikin masu zaman makokin nan babu wanda ya yi rashi irin nawa, shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Aikin layukan tarho na gwamnati ya yi har ya tsufa. Ya zaga garuruwa, ya hau turaku, ya shiga ramuka, sannan ya ajiye aiki ya dawo Keffi wajen lokacin da aka ba mu jiharmu. Ni an kawo ni gidan daga baya, sa'ad da titin Abuja ya zama tagwaye, ɗaliban jami'a suka fara cika gari, masu gidaje suka shiga tsaga ɗakuna suna ba su haya. 'Ya'yan gidan duk Abuja ta kwashe su. Maigidana kan fita da asubar Litinin ya dawo Asabar. Da cunkoson Mararaba ya yi tsanani, sai ya koma zuwa mako bayan mako. Aka bar mu mu uku, ni da Baba da Inna.

Yana da halaye da in ka gani sau ɗaya ba ka mantawa. Hannunsa na hagu kullum yana cikin aljihu, ko tafiya yake ko hira. Na ji yana gaya wa maƙwabci cewa dokar aikinsu ce, wai in za ka taɓa waya ka taɓa da hannu ɗaya, kada wuta ta samu hanyar ratsa ƙirjinka. Ya bar aiki, hannu ya ƙi barin aljihu. In abu ya ƙone masa kuma sai ya girgiza kai ya ce, "Wuta ba ta san dattijo ba." Ko tuwo ne ya ƙona masa yatsa haka zai ce.

Inna, surukata, mace ce mai ƙarancin magana, amma tana da waƙa guda ɗaya. Da harshen mahaifiyarta take yin ta, Gwandara, wanda ni ba na ji. Ta ce mini ba ta fara rera ta ba sai bayan mahaifiyar tata ta rasu, lokacin yara duk sun watse. In tana yankan kuɓewa ko tsince shinkafa a madafi sai ta ɗauko ta ƙasa-ƙasa. Ta fara a hankali, ta hau, ta sauko, can a ƙarshe muryar ta lanƙwasa ta zame ta ɓace. Ban riƙe kalmomin ba, amma karin ya zauna mini. Da zarar ta ji takun Baba sai ta yi tsit, don ba ta waƙa gaban mijinta. Abin da ba ta sani ba, bangon madafi shi ne bayan shagon da yake gyare-gyarensa a ciki, kuma akwai 'yar taga can sama. Shekara da shekaru yana jin ta, yana yi kamar bai ji ba.

Da Inna ta rasu, gidan ya yi mana yawa. Ga ɗakuna, ga tsakar gida, ga mutum biyu da kunya ta hana su hira. Da akwai jika da shi za a riƙa aika, to Allah bai kawo ba tukuna. Da safe in durƙusa daga nesa in ce, "Ina kwana, Baba." Ya dubi bango ya ce, "Lafiya lau, an tashi lafiya?" In ajiye abinci a bakin shago, in dawo in ɗauki kwano. Maganarmu ta yini ke nan. Akwai ranakun da nake yi wa kaza magana don in tabbatar muryata tana nan.

A wannan tsakanin ne kunnensa ya yi nauyi. Da farko rediyo yake ƙure wa murya, daga baya ya kashe ta gaba ɗaya ya tura ƙarƙashin tebur. Sai ya shiga zaryar Sabon Gari, yana dawowa da tarkacen inbata, na'urorin nan masu ba da wuta daga batir, da suka mutu, da tsofaffin rediyo, da wayar jan ƙarfe siririya kamar gashi. Daga bakin ƙofa nakan hango shi ya riƙe bututun roba irin na famfo, yana naɗa masa wayar nan zagaye bayan zagaye, ba ya bari ɗaya ta hau ɗaya. Ya gama ya shafe shi da fanish, man nan na ƙyalli da kafintoci ke shafa wa katako, ya tsayar da shi, ya kifa masa kwanonin silba biyu baki da baki, ya kafa ƙusa a sama. Ya toshe tagar gaba da buhu don ɗakin ya yi duhu ko da rana tsaka.

Ranar da ya fara kunna na'urar ina tankaɗe. Na ji wata ƙara, zzzz, na zubar da gari na fito da gudu ina salati. Ta ƙofa na ga tartsatsi shuɗi yana tashi daga bakin ƙusar nan yana lasar iska, ga wani ƙamshi kamar na farkon ruwan sama. Baba na tsaye nesa kaɗan, hannu a aljihu, yana murmushin da rabona da gani tun Inna na da rai.

Yadda abin ke aiki, a bakinsa na ji, don mai nauyin kunne ba ya raɗa. In yana yi wa maƙwabci bayani a zaure, ko a bayan gida kake ka sha karatu. Ya ce babu lasifika a jikinta, tartsatsin da kansa ke kiɗa. Akwai ɗan allon da ya haɗa mai katse wutar yana sake ta da sauri. In ya katse da sauri sosai sauti ya yi siriri, in ya sassauta sauti ya yi kauri. Ya jera maɓallan murɗawa na tsofaffin rediyo a kan katako, kowane maɓalli da sautinsa, na'urar tana bin su ɗaya bayan ɗaya. Maƙwabci ya ce, "To Malam, kai da ba ka ji, me za ka yi da kiɗa?" Baba ya ce, "Wannan ina ganin sa da ido, kuma in na matso ina jin sa a ƙirji. Rediyonka na yi mini haka?"

Na ɗauki lokaci kafin in gane abin da yake nema. Sautukan sun yi ta fitowa a karkace, wannan ya yi sama, wancan ya faɗi. Wata rana da hantsi ina ɗauke da farantin abincinsa, sai na ji uku sun jeru daidai, gabana ya faɗi. Waƙar Inna ce! Na huɗun ya fito kamar akuya ta taka ƙaya. Ban san na girgiza kai ba, ashe yana kallona ta ƙofa. Na ajiye farantin na gudu madafi, kunya kamar in nutse.

Shi waƙar tana cikin kansa sarai, amma ba ya jin abin da na'urar ke fitarwa, ya rasa yadda zai gwada wannan da wancan. Ni ina ji, ina kuma da karin, amma ina ni ina tsayawa gaban uban miji in buɗe baki in rera waƙa? Ko in ce masa, Baba ka yi kuskure? Ai sai garin ya tashi. Kuma ya san ko ya tambaye ni, "Ya yi, Baba," zan ce, ko da kukan jaki na'urar ke yi.

Sai ya yi abin da ya iya. Washegari ya aike ni kasuwa sayen abin da ba ma buƙata. Na dawo na tarar da waya ta fito daga 'yar tagar nan ta gangaro bangon madafi, a ƙarshenta makunni biyu, ɗaya da ɗigon jan fenti, ɗaya da kore. Ya tsaya a tsakar gida ya juya mini baya, ya fuskanci kazata, ya ce da ƙarfi, "A faɗa wa mutan madafi, akwai ƙwan fitila biyu a shago, ja da kore. In sauti ya yi sama da yawa a danna ja. In ya yi ƙasa a danna kore. In ya zauna daidai a danna duka biyu." Ya koma shago abinsa. Kaza ta ci gaba da tonon ƙasa, ni kuma na toshe baki da zane ina dariya har da hawaye.

Haka muka kama aiki. Sai an kawo wuta, kuma sai tsakanin hantsi da azahar, don ba ya kunnawa kusa da lokacin salla, ba ya kunnawa ranar Juma'a. Ya tsayar da na'urar kan sauti ɗaya, ya riƙa murɗa maɓalli a hankali, ni ina tsugune gaban murhu, ido a rufe, ina jin muryar Inna a kaina. Ja. Ja. Ya wuce, kore. In ya zauna in danna biyun, sai in ji ya buga tebur ya ce, "Madalla!" Wani lokaci mu samu sauti biyu a yini. Wani lokaci a ɗauke wuta muna tsakiya. Wani lokaci kuma ka ji tas! taransista, 'yar ƙaramar aba a jikin allon, ta fashe, hayaƙi ya turnuƙe, sai an jira ya samo wata a Sabon Gari, ko ya ba direba sautu daga Abuja. Miya ta sha ƙonewa a kan aikin nan, a haka yake cinye abinsa.

In maigidana yana gari, na'urar ba ta motsi. Dattijo kamar Baba, ɗansa ya gane cewa waƙar matarsa yake bi? Ina! Da maigidana ya ga makunnan ya tambaya, na ce Baba ya sa don in sanar da shi in abinci ya sauka. Ya ce, "Tsohon nan da ƙirƙire-ƙirƙire," ya wuce. Ni ma na bar kaza cikin gashinta.

Mun taɓa yin faɗa, ni da shi, in har za a kira shi faɗa. A tsakiyar waƙar akwai inda take hawa. Shi ya dage ta fi haka hawa, ni kuwa na san ba ta kai can ba. Ya murɗa sama, na danna ja. Ya ƙara, na ƙara dannawa. Na ɗora yatsa a kan jan nan na ƙi ɗagawa. Sai na ji ya kashe na'ura, ya fito tsakar gida, ya dubi randa ya ce, "A faɗa wa mutan madafi cewa tun ba a haife su ba nake zaune da matar nan!" Ni kuma ban san inda na samo ƙarfin hali ba, na ce da tukunya, "A faɗa wa masu shago ta bango suka ji, wasu kuwa a gefenta suke zaune." Allah Ya taimake ni bai ji ba. Amma ya ga bakina na motsi, ya san ba addu'a nake masa ba.

Muka yi kwanaki ba zzzz ba ƙwai. Ina ajiye abinci, yana cin rabi. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, balle mu. Ran nan da hantsi na ji na'urar ta tashi a kan sautin rigimar, tana saukowa kaɗan-kaɗan, har ta iso inda na ce. Na danna biyun. Bai ce madalla ba. Da yamma dai na tarar da tsire a ƙunshe a bakin ƙofata, da zafinsa.

Makunnan nan su suka ceci raina. Ina da ƙaramin ciki, maigidana na Abuja, da rana ina madafi sai ciwo ya turnuƙe ni, na ga jini. Na yi kira, wa zai ji? Na ja jiki na kai bango, na riƙa danna ja da kore ba ƙaƙƙautawa. Da batir ya haɗa ƙwayayen, suna kamawa ko babu wuta. Sai ga shi ya fito ba takalmi, ya tsaya a ƙofar madafi, wurin da bai taɓa takawa ba tunda na zo gidan. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya dube ni sau ɗaya, ya juya da gudu ya kira matar maƙwabci, ya tare keke mai ƙafa uku. Ita ta riƙe ni a baya, shi ya matse a gaba kusa da direba, dattijo da furfurarsa, yana ta faɗa wa yaron ya bi a hankali, ya kuma yi sauri.

Cikin bai tsaya ba. Baba bai taɓa ɗaga maganar ba, ko da kalma. Amma da na dawo gida, kafin in farka an share tsakar gida, an cika randa. In ji tari a bakin ƙofa, in leƙa in ga kofin shayi da ya zabga wa sukari kamar zai kashe ni. Na'urar kuwa ta yi shiru duk tsawon jinyata. Ni da kaina, ranar da na ji kaɗaici zai haukata ni, na je madafi na danna kore. Ban gama zama ba na ji ta tashi.

Mun kai har gab da ƙarshe, saura wutsiyar, wurin nan da muryar Inna ke lanƙwasawa ta zame. Nan na'urar ta cije. Ita tsalle ta iya daga sauti zuwa sauti, ba ta iya zamewa ba. Ya gwada ya gwada, ina danna ja ina danna kore, babu wanda ya dace, don abin ba sama ba ne ba ƙasa ba ne. Ya gane sai ya haɗa wani sabon allo daban.

Ana cikin haka maigidana ya samu ɗaki da falo a Mararaba. Na ji su a zaure. Yana cewa, "Baba, na ga gara in bar ta nan ta riƙa kula da kai, in ya so ni in ci gaba da zuwa." Baba ya ce, "Ni ta aura ko kai?" Maigidana ya fara kame-kame. Baba ya katse shi. "Yarinya ta kusa mutuwa a gidan nan, tsoho kurma ne kaɗai a kusa da ita. Ka ɗauki matarka. Ƙanwata za ta dawo nan ta dafa mini." Ina madafi ina jin su, hawaye na zuba cikin kwanon wanke-wanke. Ina son bin mijina, ba zan ɓoye ba. Kuma na san abin da tsohon nan yake sallamawa da bakinsa.

Ranar tafiya na durƙusa a bakin shago. Ya dubi bango ya sa mini albarka, doguwa. Na miƙe zan tafi, sai ya ce, "A ce da mutan madafi su riƙe wutsiyar nan da kyau. Zan haɗa abin da zai iya ta." Na ce, "To, Baba." Ban sani ba ko ya ji.

Mararaba ba wurin da mutum ke jin kansa ba ne. Janareta ta dama, janareta ta hagu, masu sayar da waƙoƙi sun sa lasifika a bakin titi, hon ɗin motoci tun asuba. Allah Ya ba ni 'ya mace, na shiga raino, na shiga 'yar sana'ar ɗinki. Za a ce me ya hana ki rera ta a waya ki ajiye? Wa ke ajiyar abin da yake ganin yana bakinsa? In na tuna sai in ɗauko farkon waƙar ina wanki, kafin in kai tsakiya yarinya ta yi kuka ko mai ɗinki ta yi sallama.

Mukan zo Keffi da salla, gida cike da 'ya'ya da jikoki, ba halin kunna komai. Baba ya ɗauki 'yata ya ce ga amaryarsa ta zo, ta ja masa gemu, ya ce wannan matar ba ta da ladabi, ya sake ta. Sau ɗaya muka zo ba taro, aka wuni ba wuta. Da za mu tafi ya rako mu bakin titi, abin da ba ya yi, ya tsaya hannu a aljihu har motar ta sha kwana. Ganina da shi na ƙarshe ke nan a tsaye. Ciwon bai daɗe ba, cikin zafin bazara, zazzaɓi ya kwantar da shi, kafin mu iso ya daina gane mutane.

Bayan addu'ar bakwai, maigidana da yayansa suka yanke shawarar a kwashe shagon a gyara shi ɗakin ɗalibai. Har an yi wa mai sayen tsofaffin ƙarafa magana. Da baƙi suka ragu, da hantsi, na ga an kawo wuta. Na ce da maigidana, "Don Allah kafin a kwashe, ka kunna mini na'urar Baba sau ɗaya." Ya dube ni da mamaki, amma bai musa ba. Tun yana yaro yake riƙe wa mahaifinsa waya, ya san inda ake taɓawa da inda ba a taɓawa.

Ranar na fara shiga ɗakin. Tabarmarsa, tabaraunsa, ƙarfen narka dalma a kan bulo. Ga katakon maɓallanmu, kowanne ya ɗiga masa kakin kyandir don kada ya goce daga inda muka tsayar. A gefensa ga wani sabon allo, an gama shi tsaf, an jona shi, an lulluɓe da tsumma saboda ƙura. Maɓallansa duk suna kwance a farko, ba a murɗa ko ɗaya ba. Ya cika alkawarinsa, ya zauna jira.

Maigidana ya ce in ja baya, ya kunna. Tartsatsi ya tashi, waƙar Inna ta cika ɗakin. Ta fara a hankali, ta hau, ta sauko, babu sautin da ya kauce. Ban taɓa jin na'urar ta yi ta ba bango a tsakani ba. Ta iso bakin wutsiya, ta tsaya cak, ta koma farko.

Maigidana ya ce, "Wace waƙa ce wannan?"

Na ce, "Ta Inna ce."

Ya ce, "Wace Innar? Inna tawa? Inna na waƙa?"

Na faɗa masa duka, a tsaye, cikin ƙarar tartsatsi. Ya zauna a kan kujerar mahaifinsa, ya rufe fuska da hularsa, kafaɗunsa na rawa. Da ya sarara ya share ido, ya jawo sabon allon gabansa, ya ɗora yatsu a kan maɓalli na farko. Ya ce, "Babu mai sayar da wannan. Ƙarasa mana, ki rera, ni zan murɗa."

Na jira ta zagayo. Na bi ta da murya, karo na farko a gidan nan da ƙarfi, na hau inda ta hau, na sauko inda ta sauko. Ta tsaya, na buɗe baki in ɗora.

Babu.

Na ce ya bari ta sake zagayowa. Ta zagayo, na sake bi, na sake isa wurin, na tsaya tare da ita. Na rufe ido na nemi Inna a gaban murhu da wuƙarta da kuɓewarta. Ina ganin bakinta na motsi, ba na jin komai. Iyakar abin da muka ɗaure da kakin kyandir shi ya rage a kaina. Maigidana na riƙe da maɓalli yana kallona, yana cewa, "A hankali, za ta zo." Muna nan a haka aka ɗauke wuta.

Na je ƙauyen su Inna na rera wa tsofaffin da suka rage farkon, suka ce ba su san ta ba, wataƙila mahaifiyarta ce ta ƙaga abinta. Na'urar tana nan a shago, an rufe da kwaɗo, ɗalibai sun samu wani ɗakin. Har yau in ina yankan kuɓewa nakan ɗauko waƙar a hankali, ko za ta zame da kanta ta wuce wurin, ba ta wucewa.

Baba, ka ce in riƙe, ka yi naka, nawa ya suɓuce. Allah Ya jiƙanka da rahama, Ya haskaka kabarinka, Ya sada ka da Inna a gidan da babu nauyin kunne. In kun haɗu, ka daure ka ajiye kunya ka ce ta rera maka har ƙarshe. A nan babu sauran wanda ya san ƙarshenta.